Turancin Ingila ko na Amurka: wanne zai fi yi wa Bahaushe aiki a Saudiyya?

Duk wanda ya yi makaranta a Kano, Sakkwato ko Zariya, da Turancin Ingila aka raine shi, ko da ba a taɓa gaya masa sunansa ke nan ba. Shi ne na littattafan firamare, shi ne na WAEC, shi ne na takardar neman aiki da aka koya mana a aji uku na sakandare. Sai mutum ya sauka Jidda ko Riyad, ya kama aiki a asibiti ko kamfani, ya ga kwamfutar ofis tana ja masa jan layi a ƙarƙashin "labour" da "centre", ya tambayi hanyar "theatre", wato ɗakin tiyata, a ce masa ai "OR" ake cewa. Daga nan tambayar ke tasowa, kuma ina yawan jin ta a bakin ma'aikatan jinya da ɗalibai da iyayen yara: a bar na gida a koma na Amurka, ko a riƙe wanda aka saba?

Bari in faɗi ra'ayina tun yanzu don kada in ja ku da nisa. Babban da ya riga ya yi shekaru yana rubuta na Ingila, ya riƙe shi a alƙalami, ya koyi na Amurka a kunne. Yaron da ke makarantar gwamnati a nan Saudiyya, a bar shi da wanda ake koya masa. Mai shirin tsallakawa wata ƙasa kuwa, ƙasar ce za ta zaɓa masa. Amma dalilan sun fi hukuncin amfani, domin akwai inda bambancin ba ya cutar da kowa, akwai kuma inda zai sa jirgi ya tashi ya bar ka, ko ka tsaya neman maganin da yake gabanka da wani suna.

Saudiyya ba ta yi zaman mulkin Ingila irin na Najeriya ko Sudan ba, don haka Turanci bai shigo ta da gwamna da razdan ba, da man fetur ya shigo. A 1933 Sarki Abdul'aziz ya ba kamfanin Standard Oil na Kalifoniya izinin neman mai, aka dace a rijiya ta bakwai a Dammam a 1938, a 1944 kuma kamfanin ya ɗauki sunan da aka gajarce zuwa Aramco. Amurkawa ne suka koyar da ma'aikatan farko a Zahran, kuma har gobe bakinsu ake ji a gabashin ƙasar. Shirin tallafin karatu na Sarki Abdallah da aka fara a 2005 ya tura dubban matasa waje, akasarinsu Amurka, kuma da yawa daga cikinsu su ne manajoji da shugabannin sashe a yau. Littattafan Turancin makarantun gwamnati, su Super Goal da Mega Goal, kamfanin McGraw-Hill na Amurka ne ya shirya su, tun 2021 kuma daga aji ɗaya na firamare ake fara darasin. Ka haɗa da YouTube da fina-finai, ka ga inda iska take kaɗawa.

Sai dai abin bai tafi gefe guda ba. Dogon benen nan na Riyad "Kingdom Centre" ake rubuta shi, irin na Ingila, haka ma asibitin ƙwararru na Sarki Faisal da "Research Centre" ɗinsa, alhali shirye-shiryen Burin 2030, wato tsarin gwamnati na raya ƙasa, "Program" ake sa musu, irin na Amurka. Hukumar da ke rajistar ma'aikatan lafiya tana ba likitoci muƙaman "registrar" da "consultant", tsarin Ingila ke nan, amma sashen gaggawa "ER" kowa ke kiransa. Mutanen da za ka yi Turanci da su kullum ma ba Ingilishi ba ne ba Amurkawa ba. 'Yan Indiya da Pakistan ne, waɗanda tushensu irin namu ne, da 'yan Filifin da Amurka ta mulka daga 1898 zuwa 1946, da Misrawa da Sudaniyawa. A ɗaki guda sai ka ji duka biyun kafin azahar. Saboda haka babu wanda zai kore ka don ka rubuta "colour". Abin da ido ke kamawa shi ne cakuɗawa, a ga "colour" a layin farko, "center" a na uku.

Maganar haruffa ita ce mutane suka fi damuwa da ita, ita ce kuma mafi sauƙi. Noah Webster ne ya kafa yawancin rubutun Amurka da ƙamus ɗinsa na 1828: ya cire u daga "colour", ya juya "centre" ta koma "center", "travelled" ta rasa l ɗaya, "defence" ta zama "defense", "cheque" ta zama "check". Ko "organize" da ake ɗauka ta Amurka ce, madaba'ar Oxford da kanta haka take rubutawa. Ka shiga saitin Word da na wayarka ka zaɓi ɗaya, kwamfuta ta riƙa gyara maka. An wuce wurin.

Ba a nan gizo ke saƙa ba. Fara da kwanan wata. Idan ka ga 04/05/2025, Baturen Ingila 4 ga Mayu yake nufi, Ba'amurke kuma 5 ga Afrilu. A nan yawancin takardu rana suke farawa da ita kamar yadda muka saba, amma manhajar da aka yi a Amurka tana iya sa wata a gaba ba tare da ta gaya wa kowa ba, ga kuma kwanan Hijira a gefe yana jiran nasa lissafin. Ranar ƙarewar iƙama, wato takardar izinin zama, ranar tikiti, ranar ganin likita, duk abubuwa ne da kuskuren wata guda a cikinsu ke cin kuɗi. Ko wane Turanci ka zaɓa, ka rubuta sunan watan da haruffa, "4 May 2025". In wani ya turo maka da lambobi zalla kuma duka biyun ba su wuce 12 ba, ka tambaya, ba abin kunya ba ne.

Sai hawan bene. Ga Ingila, ƙasa "ground floor" ce, "first floor" kuma hawa na ɗaya. Ga Amurka "first floor" ita ce ƙasan. Gine-ginen nan sun fi bin na farkon, da maɓallin G a cikin lif, amma abokin aiki ɗan Filifin ko Ba'amurke yana iya ce maka ku haɗu a "first floor" yana tsaye a bakin ƙofar shiga. A manyan otal-otal na kusa da Harami, inda ake da hawan cin abinci da na masallaci da na kasuwa kafin a kai ɗakuna, mai yi wa alhazai jagora gara ya faɗi maɓallin da za a danna kawai. Haka "half five" a bakin ɗan Ingila biyar da rabi ce, Ba'amurke bai ma san furucin ba. "Fortnight" mako biyu ne, shi ma ba ya cikin bakin Amurkawa. A wurin taro, in ɗan Ingila ya ce a yi "table" da wata magana, yana nufin a kawo ta a tattauna yanzu. In Ba'amurke ya faɗa, yana nufin a ajiye ta sai wani jiƙon. Kalma ɗaya, umarni biyu masu karo da juna.

Akwai kuma masu jawo dariya ko jin nauyi. "Pants" wando ne a Amurka, kamfai ne a Ingila. "Rubber" da muke cewa abin goge fensir, kada ka roƙe shi a gaban Ba'amurke, ka ce "eraser". "Gas" a bakinsa fetur ne, ba tukunyar girki ba. "Pavement" a Ingila gefen titi ne na masu ƙafa, a Amurka kwaltar da mota ke bi ce. "Public school" a Amurka ta gwamnati ce, a Ingila kuwa ita ce ta masu kuɗi. Kewaye ma, ɗan Ingila ba ya jin komai ya ce "toilet", Ba'amurke ya fi son "restroom" ko "bathroom", 'yar Filifin kuma ta ce maka "CR". Waɗannan ba sai ka zaɓi gefe ba, ka san duka, ka ba kowa tasa.

Inda na fi son a tsaya a natsu shi ne asibiti, domin 'yan'uwanmu da yawa can suke, kuma can ne kuskure ba ya tsayawa a dariya. Magani ɗaya yana da suna biyu. Abin da muka sani da "paracetamol" shi ne "acetaminophen" a littafin Amurka. "Adrenaline" shi ne "epinephrine", "salbutamol" na masu asma shi ne "albuterol", "pethidine" shi ne "meperidine". Wanda bai san "paracetamol" da "acetaminophen" abu guda ne ba yana iya ganinsu a takarda biyu ya ɗauka magunguna biyu ne, hantar mara lafiya ce kuma za ta biya. Sukarin jini, Ingila da mmol/L take auna shi, Amurka da mg/dL, tsakaninsu ninki 18: wanda aka ce yana da 7 a ma'aunin farko, 126 ke nan a na biyu. A nan kana iya cin karo da kowanne, ya danganta da asibiti da na'ura, don haka lamba ba ta cika sai an faɗi ma'auninta. Haruffan da na ce ba su da wahala ma, a nan suna da ita. Ka nemi "oedema" ko "oesophagus" a ƙarƙashin o a manhajar da aka yi a Amurka, ba za ka gan su ba, suna can a ƙarƙashin e, "edema" da "esophagus". Haka "anaemia" da "anemia", "paediatrics" da "pediatrics", "diarrhoea" da "diarrhea". Ga ma'aikacin lafiya shawarata ta bambanta da ta kowa: a cikin fayil ɗin mara lafiya ka bi abin da asibitinka ke bi, ko da ba shi ka saba ba, ka kuma ajiye ɗan littafi a aljihu mai layi biyu, sunan nan da na can. Jarrabawar lasisi da ake zaunawa a cibiyoyin kamfanin jarrabawa na Prometric ma, littattafan da aka fi yin shirinta da su na Amurka ne.

Nahawu bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Ɗan Ingila ya ce "I've just eaten", Ba'amurke ya ce "I just ate". Wancan "at the weekend", wannan "on the weekend". Wancan "in hospital", wannan "in the hospital". Wancan "write to me", wannan yakan yar da "to". Ba'amurke yana da "gotten" da "Sunday through Thursday", wanda kuwa shi ne makon aiki a nan tun da aka mayar da hutu Juma'a da Asabar a 2013. Mai sharhin ƙwallo ɗan Ingila ya ce "Al-Hilal are winning", na Amurka ya ce "is". Dabarar da nake bi ita ce neman wanda duka biyun suka yarda da shi. "Do you have" tana tafiya ko'ina, ta fi "have you got" faɗin hanya. "Write to me" ba ta zama kuskure a Amurka ba. In aka bi haka, rabin rigimar ta mutu.

A kunne kuwa kowanne yana da nasa tarkon, kuma a ganina na Amurka ya fi kama mu. Babban misali "can" da "can't". Ɗan Ingila yana jan wasalin ta biyun, ka ji bambanci sarai. Ba'amurke yakan haɗiye t ɗin, sai nauyin murya kaɗai ya rage, kai kuma ga ka a waya ba ka san an ce za a iya ko ba za a iya ba. Ka maimaita masa da "cannot" ka tabbatar. T ɗin tsakiyar kalma kuma yana mayar da ita kamar d, har "writer" da "rider" su yi kama. Harafin ƙarshe da muka haddace da "zed", shi "zee" yake cewa, a waya kuma sai ta yi kama da C, abin lura ga mai karanto lambar tikiti ko ta fasfo. Ta wani gefen, Amurkawa suna furta r duk inda take, irin su "car" da "hard", Larabawa ma haka suke yi, don haka in ka yar da ita kamar yadda muka saba a gida, Basaudiye yana iya cewa ka sake. Ba na ba kowa shawarar ya ari muryar wani. Babban mutum ya tashi rana tsaka yana lanƙwasa harshe kamar ɗan Texas, abokan aiki suna ji, kuma ba ya ƙara masa komai. Lokacin da zai ɓata a nan gara ya kashe shi kan p da f, wanda shi ne ciwonmu Hausawa, ko p da b, ciwon masu Larabci. 'Yan'uwanmu haifaffun Makka, na Shara Mansur da Misfala, wasu duka biyun suke fama da su, "parking" ta fita "barking" yau, gobe "pill" ta fita "fill". Wannan ya fi zaɓin Landan ko New York tsada a wurin ganawar neman aiki.

Ladabin magana wani fage ne da ba a cika koyarwa ba. Ɗan Ingila yana sakaya zance, kuma a nan ya kamata Bahaushe ya fi kowa gane shi, tunda mu ma da kara aka san mu. In shugabanka ya duba rahotonka ya ce "you might want to look at this again", ba zaɓi ya ba ka ba, cewa ya yi ka gyara. "I'm afraid" ba tsoro ba ne, share fagen ƙi ne. "Quite good" a bakinsa yabo ne mai rauni, ba laifi dai, alhali a bakin Ba'amurke yana nufin ya yi kyau sosai. Ba'amurke kuma yana da yawan yabo, komai "great" ne ko "awesome", kada ka ɗauka an kusa ƙara maka albashi. A wasiƙa, tsarin Ingila ya ce in ka buɗe da "Dear Sir" ka rufe da "Yours faithfully", in ka ambaci suna ka rufe da "Yours sincerely". Amurka "Sincerely" kawai take sa wa. A nan Saudiyya an saba haɗa "Mr." da sunan yanka, a ce "Mr. Ahmed", kuma daidai ne a nan; in wasiƙar Landan ko Houston za ta, sunan ƙarshe ake sa wa. Takardar tarihin aiki ma haka: a Amurka "résumé" ce gajera, ba hoto ba ranar haihuwa, a Ingila "CV" ce kuma su ma ba sa son hoto, a nan kuwa sau da yawa ana son hoto da ƙasa da bayanin ko iƙamarka tana canzuwa zuwa wani kafili.

Jarrabawa ita ce ke sa mutane da yawa yin tambayar tun farko, kuma a nan akwai sauƙi. IELTS, jarrabawar auna Turanci ga mai neman karatu ko aiki a waje, wadda British Council da IDP da Cambridge suke gudanarwa tun 1989, tana karɓar rubutun Ingila da na Amurka, haka TOEFL ta kamfanin ETS na Amurka. Ba za a rage maka maki don ka rubuta "colour" a TOEFL ba. Bambancin da za ka ji a jikinka shi ne magana: a IELTS mutum ne zai zauna da kai minti 11 zuwa 14, a TOEFL kuwa da makirfo za ka yi. Wanda ya saba hira da mutane, ya fi sakewa in ana kallonsa, IELTS ta fi masa. Ma'aikaciyar jinya mai son Ingila, hukumar NMC mai rajistar ma'aikatan jinya a can tana neman maki 7 na IELTS a karatu da sauraro da magana, 6.5 a rubutu, ko kuma jarrabawar OET, wadda aka gina ta kan aikin asibiti, kamar rubuta wasiƙar tura mara lafiya ga wani likita. Ga wanda ya shekara yana wannan aikin, OET takan fi zama masa gida. Mai son Amurka kuma NCLEX, jarrabawar lasisin jinya ta can, ce a gabansa, gara ya fara sabawa da sunayen magungunansu tun yanzu. Akwai kuma jarrabawar Turanci ta STEP ta hukumar Ƙiyas ta Saudiyya, wadda tambayoyinta na zaɓar amsa ne, tana da amfani a jami'o'i da wasu ma'aikatu na cikin ƙasar, amma ba ita za ta fitar da kai waje ba. Sakamakon IELTS da TOEFL shekara biyu yake yi, kada ka zauna tun ba ka shirya tafiya ba.

Duk wannan kuwa, abin da ya fi sa a kasa gane mu a nan ba na Ingila ba ne ba na Amurka ba, namu ne na gida. Kuma ba ina raina shi ba ne. A Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Najeriya, har da "Kannywood" da "okada" da "next tomorrow" da "severally". Turanci ne mai zaman kansa. Amma shiga ƙamus ba ya nufin likita ɗan Kerala ya san shi. Wata 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya ta ga abokiyar aikinta 'yar Filifin ta yi tuntuɓe da wayar na'ura, ta ce mata "sorry". Waccan ta juyo da mamaki ta ce ai ba ke kika ture ni ba. Sannu take nufi, Turancin waje kuma ba shi da sannu, "are you okay?" ake cewa. Haka "well done" da muke gaida mai aiki da ita: ka faɗa wa babban likita yana tsakiyar aiki, sai ya ji kamar kana ba shi maki. "I'm coming" kana juya baya kana fita, wato ina zuwa, su a wurinsu ka ce ga ka nan tafe ne, sai su tsaya kallonka. "I'll be right back" ce ke ɗaukar ma'anar. "Severally" a waje ba ta nufin sau da yawa, kalmar lauyoyi ce mai nufin kowa daban. "She has taken in" babu wanda zai gane ciki ake nufi. "Flash me", "go-slow", "Dear Ma", "more grease to your elbow", duk a bar su sai an haɗu da na gida. 'Yan Indiya ma suna da nasu, su "prepone" da "do the needful" da "revert" a madadin ba da amsa, kuma da yake su ne suka cika ofisoshi, sai ka ga namu ya kwashe su yana zaton shi ne Turancin ƙwararru. A Jidda za su yi maka aiki. A wasiƙar neman gurbin karatu a Manchester, a'a.

Bayan haka akwai auren kalmomi, wato wace kalma ce ke tafiya da wace, kuma a nan Ingila da Amurka bakinsu ɗaya. Mu da "yi" ɗaya muke komai, su sun raba "do" da "make": "make a mistake", amma "do your homework". Muna shan magani, su "take" suke yi. Muna jin wari, su ba sa "hear" ɗinsa. Balarabe yana buɗe fitila ya rufe ta, shi ya sa "open the light" ta cika gidajen nan, alhali "turn on" ce. Ruwan sama mai ƙarfi "heavy" ne, shayi mai kauri "strong" ne. Ba a cewa "discuss about", ba a cewa "borrow me" in kai ne mai karɓa. Wanda yake da awa ɗaya a rana ta karatu, minti hamsin a nan ya kamata su tafi.

Wajen bincike kuwa, ƙamus na masu koyo ya fi fassarar waya nesa ba kusa ba. Na Oxford, wanda ya samo asali daga aikin A. S. Hornby ya fito a 1948, da na Cambridge, da na Longman da ke bayanin komai da kalmomi kusan 2,000, duk suna kan intanet kyauta. Suna nuna maka wace kalma ce ta Ingila wace ce ta Amurka, suna da maɓallin sauti biyu, suna kuma ba da jimloli, wanda shi ne abin nema. Ka karanta jimlolin, kada ka tsaya a ma'ana. Google Translate amsa ɗaya yake miƙo maka, ba ya cewa ga inda ake faɗinta. Manhajojin hira irin su ChatGPT sun fi karkata ga rubutun Amurka in ba ka ce komai ba, don haka ka gaya musu wanda kake so da wanda zai karanta, in sun kawo maka salon magana da ba ka sani ba kuma ka duba shi a ƙamus kafin ka sa hannu a ƙasa. Ga mai son ƙwaƙƙwafi akwai Ngram na Google, inda za ka sa furuci biyu ka ga wanda ya fi yawa a littattafan Ingila ko na Amurka.

'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi boko da Faransanci, na Ingila zai fi zo musu da sauƙi a rubutu, domin "centre" da "litre" da "programme" haka suke a can ma, kwanan wata da hawan bene duk tsari ɗaya. Su dai kula da masu kama da juna a fuska: "actually" ba yanzu take nufi ba, "assist" ba halarta ba ce, "demand" kuma ta fi roƙo zafi ƙwarai. Hausawan Sudan da suka yi karatu a Khartum ko Wad Madani su ma tushensu na Ingila ne, hukuncinsu ɗaya da na 'yan Najeriya.

Iyaye ne suka fi shiga tsaka mai wuya. Uba ya duba littafin 'yarsa da daddare ya ga "color" da "favorite", ya ɗauki biro ya cusa u. Yarinya ta ce, "Abba, malamarmu ta ce babu u." Ya ce ai shi da WAEC ɗinsa. Washegari a ja mata jan biro a kan gyaran ubanta. In ɗanka yana makarantar gwamnati ko mai bin tsarin Amurka, ka bar shi da abin da ke littafinsa, ka dai nuna masa cewa akwai wani rubutun kuma shi ma daidai ne. In kana da halin zaɓar makaranta, ka duba inda zai yi jami'a: mai komawa Najeriya ko mai nufin Ingila, tsarin IGCSE, jarrabawar sakandare irin ta Ingila, ya fi kusa da abin da zai tarar, mai nufin Amurka ko jami'o'in nan kuwa na Amurka ba zai ba shi matsala ba. Wanda za a mayar gida ya zauna WAEC da JAMB, a fara juya masa hannu shekara guda kafin tafiya, a sauya saitin wayarsa, a samo masa tsofaffin takardun jarrabawa daga gida, domin malaman da zai tarar a can da na Ingila suka saba gyara takarda.